Awa Ɗaya da Kwata Zuwa Legas

Ni tela ne, kuma duk wanda ya taɓa hulɗa da tela ya san yadda muke da lokaci. In na ce maka gobe, to ka ƙara kwana uku a zuciyarka mu rabu lafiya. Na fi shekara ashirin ina ɗinki a shago ɗaya a unguwar Congo-Russia da ke Jos, kuma a da ban taɓa jin kunyar wannan hali ba, har tutiya nake yi da shi. Nakan gaya wa masu kawo mini aiki cewa ban taɓa sa wani ya rasa sallar idi ba, ko da a bakin ƙofa zan ɗaura masa maɓallin ƙarshe. Da wannan hali na tunkari auren 'yar wana.

Wana ya rasu ya bar ta tana shekara huɗu. Mahaifiyarta ta gama takaba, bayan wani lokaci ta yi aure a Legas, aka bar yarinyar a hannun mahaifiyarmu a unguwar Rikkos, nan Jos. Inna muke ce mata, mu da jikokin duka. Ita ta yi mata tsifa da kitso, ita ta riƙa raka ta makaranta, gado ɗaya suka kwana har ta gama sakandare. Daga nan ta tafi wajen uwarta ta karanci aikin jinya, a can kuma ta sami miji, ɗan unguwar Agege. Tun yarinyar tana ƙarama Inna take da magana ɗaya da ba ta gajiya da faɗa, cewa ita da kanta za ta riƙe hannunta ta kai ta ɗakin mijinta, domin haka ta yi wa uban alkawari a gadon asibiti. Kai amarya aikin gwaggonni ne da sauran iyaye mata, ba wanda zai ga laifin tsohuwa in ta zauna a gida. Amma duk danginmu mun san wannan karon ba haka ba ne, ita ma yarinyar ta sani, har ta gaya wa dangin ango tun wuri cewa kakarta ce za ta damƙa musu ita.

Ni kuma ni ne waliyyi, tunda ni ne babba a mazan da suka rage. Aka sa rana cikin watan Agusta, ranar Asabar, ɗaurin aure ƙarfe biyu da rabi bayan azahar, kai amarya bayan magariba.

Ƙanena ne ya ɗauki nauyin tafiyar dangi. Mutum ne mai tsari, irin wanda yake isa tasha kafin direba. Ya ɗauki shatar bas, ya ce za a tashi asubahin Alhamis, ya kuma ware wa Inna kujerar gaba saboda gwiwoyinta. Ita ma ta yarda, har ta fara haɗa guzuri. Ni na shiga tsakani na ce ba za a yi haka ina raye ba, a naɗe tsohuwa a mota tun asuba har dare. Na ce jirgi za ta hau, ni da ita.

Gaskiya akwai tausayi a maganar, ba zan zalunci kaina ba. Amma rabinta burga ce. Sau ɗaya tak na taɓa hawa jirgi, shekara ɗaya kafin bikin, da wani attajiri ya tafi da ni Legas zaɓen shadda, kuma tun daga ranar ba wanda ya huta a shagona. Na samo wani shafi a waya da yake nuna nisan da ke tsakanin filayen jirgi. In ka sa Jos ka sa Legas, sai ya ja layi miƙaƙƙe a kan taswira, ya rubuta nisa kusan kilomita ɗari bakwai, tafiya awa ɗaya da kwata. Wannan awa ɗaya da kwata ta zama mini waƙa. Na nuna wa ƙanena, na nuna wa gwaggonnin amarya, na ce kafin motarsu ta kai Akwanga ni da Inna mun sauka mun wanke ƙafa. Na tsokane su da cewa za su isa da kumburarrun ƙafafu, su ɓata mana hoto. Ƙanena bai ja ba, ya ce dai in tabbatar mun taho Juma'a. Na ce ai tikitin Juma'a na yanka, kuma a lokacin gaskiya na faɗa.

Ɗinkin bikin duk a kaina yake. Na yi ankon mata, na yi kaftanin ƙanena da na 'yan uwa, na gama na ƙarshe ana loda kaya a bas. Abin da ya rage shi ne tawa babbar rigar, shadda ruwan toka, na yanka na haɗa amma aikin wuya da na aljihu bai kai rabi ba. Na yini Alhamis a kan keke, da la'asar na duba na ga ko me zan yi ba za ta kammala kafin safiya ba. Ina da manyan riguna uku a gida, ba wadda ta yage. Sai dai duk an taɓa ganina da su, kuma zuciyata ta riƙa raya mini cewa waliyyin da ya sauko daga jirgi, tela kuma, bai kamata ya zauna gaban mutanen Agege da tsohuwar riga ba.

Sai na ɗauki waya na zauna lissafi. Jirgin Asabar zai tashi sha ɗaya. Sha biyu da kwata mun sauka. Agege kuwa a bayan filin jirgin take. Ƙarfe ɗaya muna gida, in yi wanka, har da sauran lokacin da zan sa a sake goge rigar. Lissafin ya fita tsaf, ban ga inda ya karkace ba. Na sa aka mayar da tikitinmu Asabar.

Da na je Rikkos gaya wa Inna, na tarar da jakarta a bakin ƙofa, ta sha lalle hannu da ƙafa. Rigar tana rataye a hannuna, don na taho da ita in ƙarasa wani ɗinkin hannu a gida. Ta tambaye ni ko masu jirgin ne suka fasa na goben. Na ce a'a, ni na ɗaga, na kuma karanto mata lissafina daga sha ɗaya har zuwa wanka. Ta dubi rigar, ta dube ni, ta ce Allah ya kai mu. Ƙanena kuwa ce masa na yi kawai an sami ɗan canji, sai Asabar da safe. Suna kan hanya a lokacin, ya gaji, bai tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

Mutum ɗaya ne ya ja mini kunne. Maƙwabcin shagona kafinta ne, Kirista, mun daɗe tare, yana da tsohuwar mota da yake ɗauko katako da ita daga kasuwar Katako, kuma shi ya yi alkawarin kai mu filin jirgi. Ɗan asalin wajen Heipang ne, inda filin yake, gonar iyayensa tana kallon shingen wurin. Da ya ji na koma Asabar sai ya ajiye abin da yake yi.

"Oga, Agusta ne fa," ya ce. "Jirgi ba ya kwana a nan. Sai ya zo daga Legas tukuna ya ɗauke ku. In hazo ya rufe, yana zuwa ya juya ya koma. Tun ina ƙarami nake gani. Ka tafi da Mama gobe, ka bar riga."

Na yi dariya na tambaye shi sau nawa ya taɓa shiga jirgi. Ya ce ko sau ɗaya. Na ce to ya bar wa waɗanda suka shiga. Ya koma kan aikinsa.

Juma'a ta zo da rana fes, sama ba ko gajimare. Na gama rigar kafin la'asar, ta yi kyau ƙwarai, wannan kam ba zan ɓoye ba. Asabar kuwa tun asuba aka tashi da yayyafi, irin na Jos da ba ya zuba ba ya ɗaukewa, ga sanyi yana shiga ƙashi. Muka ɗauki Inna, ta sa rigar sanyi a ƙarƙashin mayafinta mai kyau, ta zauna a gaba. Muna wuce Bukuru hazo ya sauko har kan kwalta, kafinta ya kunna fitila yana tafiya a hankali. Duwatsun da aka saba gani a gefen hanya ba ko ɗaya. Wajen Mararraban Jama'a kafinta ya ce, ba da wata manufa ba, jiya ma ya kawo wani mutum kuma jirgi ya tashi a kan lokaci. Inna tana jan carbi, ba ta juyo ba. Ni kuma na ce da shi ya kula da hanya.

Mun isa wajen ƙarfe tara. Aka auna kayanmu, aka ba mu takardar shiga, muka zauna. Na leƙa ta gilashi, fili fayau, babu jirgi ko ɗaya. A karon da na taɓa tafiya, a tsaye na tarar da jirgin, don haka ban taɓa tambayar kaina daga ina yake fitowa ba. Shafin da na dogara da shi lokacin da ake yi a sama kawai ya ƙirga. Bai ƙirga hanyar Heipang ba, bai ƙirga jira ba, bai san damina ba, kuma bai ce mini jirgin ɗaya ne a yini ba. Duk wannan kafinta ya sani, shi da bai taɓa shiga ba.

Sha ɗaya ta yi ta wuce. Aka yi sanarwa da Turanci cewa jirgin ya makara saboda yanayi, na fassara wa Inna da cewa yana hanya. Ina sanye da sabuwar rigar, na baza ta a kan kujera don kada ta yamutse. Wani mutum da ke kusa da mu ya yi ta kallonta, daga baya ya tambaye ni wane tela ne ya yi wannan aiki. Na ce ni ne. Ya nemi lambata, na ba shi, har na yi masa kwatancen shago. A gaban Inna na yi wannan.

Wajen sha biyu muka ji ƙara a sama. Mutane suka miƙe suka nufi tagogi, ni ma na miƙe. Ƙarar ta matso har gilashi yana rawa, ta yi nisa, ta sake dawowa. Ba abin da muke gani sai fari. Sau uku ta zagayo, a na ukun ta tafi ba ta dawo ba. Inna ta tambaye ni ko namu ne. Na ce namu ne. Wata ma'aikaciya ta zo ta yi mana bayani cewa matuƙin bai ga ƙasa ba, ya wuce Abuja, zai jira a can in hazo ya yaye ya dawo. Ta dubi lallen hannun Inna ta ce da 'yar Hausarta, "Mama, biki za ka je? Sorry, Mama. Allah zai buɗe."

Ban daina lissafi ba. In ya dawo ƙarfe ɗaya, za mu tarar ana cikin ɗaurin aure. Da ɗaya ta wuce na ce to ko mun rasa ɗaurin aure, kai amarya sai bayan magariba, kuma shi ne abin da ya kawo Inna. Kafinta bai tafi ba, yana zaune a motarsa a waje, ya shigo sau biyu ya kawo wa Inna ruwan shayi a kofi. Ni ko iya haɗa ido da shi ban yi ba.

Biyu da rabi ƙanena ya kira. Tun safe nake gaya masa muna dab da tashi. Muryarsa a ƙasa take, wanda ya fi mini zafi a kan ya yi faɗa. Ya ce mutane sun taru, liman yana son ya ji daga bakina. Ya buɗe muryar wayar, na ji hayaniyar taro ta lafa. Na tashi na koma lungu kusa da inda ake auna kaya, na ce na wakilta ƙanena ya ba da auren 'yar wana. Liman ya ce in maimaita da ƙarfi, shaidu ba su ji ba. Na maimaita. Na ji wani daga nesa yana tambaya ina waliyyin yake, wani ya amsa masa cewa yana Jos. Na dawo na zauna kusa da Inna na kara mata wayar. Da aka zo fatiha ta ɗaga hannuwanta ta shafa tare da su, ita kaɗai a cikin ɗakin jiran.

Bayan la'asar aka sanar cewa an soke tafiyar. Ko da mota muka kama hanya a lokacin, sai gobe za mu isa, an riga an kai amarya. Muka karɓi kayanmu. A hanyar dawowa, muna shiga Bukuru hazon ya fara yayewa.

Na kai Inna Rikkos na zauna, na kasa tafiya gida. Ba ta cire kayanta ba. Ta yi magariba, tana kan sallaya aka yi mata kiran bidiyo daga Legas. Ni na riƙe mata wayar. Amarya ce, an lulluɓe ta, motoci suna jira a waje, ta ce ba za ta fita ba sai ta ga kakarta. Ta ɗaga mayafi, idanunta sun kumbura. Inna ta yi mata nasiha, ta sa mata albarka, ta ce a kira uwar ango ta ba ta amana ta waya. Duk aka yi. Har an ce ta tashi, sai yarinyar ta tambayi abin da tun safe nake tsoron a tambaya. Ta ce ai Juma'a aka ce za mu taho, me ya sa ba mu taho jiya ba.

Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe. Inna ta riga ni.

"Ni na hana baffanki," ta ce. "Tsoron jirgin nan ne ya kama ni, na ce ya ƙara mini kwana ɗaya in samu zuciya. Shi tun jiya ya so mu taho."

Yarinyar ta dube ta. Sannan ta ce, "Inna, shekara nawa kina gaya mini ke za ki kai ni. Ashe tsoron jirgi ya fi ni a wurinki."

Inna ta ce ta yi haƙuri. Aka ja mayafin aka rufe fuskar, wata gwaggo ta karɓi wayar ta ce sai da safe. Ni ina riƙe da wayar Inna, a cikin sabuwar riga, ban ce uffan ba.

Da muka rage mu biyu na tambaye ta me ya sa ta faɗi haka, alhali ta san abin da ya faru. Tana naɗe sallaya ta ba ni amsa, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ni kaka ce, za ta yi fushi ta huce. Kai ne ubanta yanzu. In ta riƙe ka a rai, ranar da wani abu ya taso mata a gidan miji wurin wa za ta je?"

Daga nan ta ce in shigar mata da jaka ɗaki, in tafi gida iyalina suna jira.

Fushin bai huce da wuri ba. Yarinyar da take kiran Inna kullum ta yi wajen wata biyu ba ta kira ba. In na je gaisuwa sai in tarar da wayar a kan cinyar Inna, ta ce in duba mata ko ta lalace ne. Ni kuwa yarinyar tana kirana, tana gaishe ni da ladabi, har tana ba ni haƙuri a kan wahalar da na sha a filin jirgi. Sau da yawa na shirya abin da zan faɗa mata, in ta ɗauka sai in tambayi lafiyar mijinta. Na riƙa gaya wa kaina cewa in na faɗa na tona wa Inna asiri, na mayar da ita maƙaryaciya a idon jikarta. Wannan hujja ta yi mini daɗi ƙwarai, shi ya sa ban yarda da ita ba har yau.

Daga baya sun shirya, kira ya dawo, duk da ba kamar da ba. Labarin kuma ya zama abin tsokana a dangi. Duk taron suna ko biki sai wani jika ya ce ga tsohuwar da jirgi ya kora, ita kuma ta yi dariya ta ce ai ƙasa ta fi mata. Ana yi ina wurin, wani lokaci har da ni a dariyar. Kafinta kaɗai ya san gaskiya ban da mu biyu, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa. Rigar ban sake sa ta ba, na ba wani almajirin ɗinki da ya yi aure.

Inna ta rasu shekara uku bayan bikin, ba ta taɓa ganin ɗakin yarinyar ba. Ita kuma ta zo ta'aziyya da goyo a bayanta. Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, ta same ni a zaure ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce akwai abin da yake damunta, maganar da ta gaya wa Inna ranar da aka kai ta, da watannin da ta yi ba ta kira ba. Tana kuka ta ce ƙuruciya ce, yanzu ta gane tsoro ba laifi ba ne ga tsohuwar da ba ta taɓa shiga jirgi ba.

"Baffa, wallahi tuni na yafe mata," ta ce. "Kana ganin ita ma ta yafe mini?"

Ba kowa a zauren sai ni da ita da jaririn, kuma wadda nake cewa ina rufa wa asiri tana kabari. Na ce mata Inna ta yafe mata tun a daren, kada ta sa komai a ranta. Na ce Allah ya yi mata albarka. Ta share hawaye ta yi mini godiya, ta tashi ta shiga cikin gida.